Jawabin Injiniyan Masai a Taron Ƙungiyarmu na Manitoba

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, barkanmu da sanyi.

Wasu a nan suna tsokanata da injiniyan masai. Ban musa ba. Aikina gyaran tafkunan ruwan ƙazanta ne a ƙauyukan wannan lardi na Kanada, kuma a kansa Shugaba ya ce in yi magana.

Ƙaramin gari ba shi da kuɗin babbar matatar ruwa, sai ya haƙa tafki biyu ko uku a bayan gari. Ruwan banɗaki da na wanke-wanke ya shiga na farko, dauɗa ta kwanta, ya gangara na gaba. Masu aikin ba a biyan su ko sisi: bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, na cinye ƙazantar, gansakuka na ba su iskar shaƙa, rana na kashe ƙwayoyin cuta.

Sai dai sanyin nan ba ya barin kowa. Da ƙanƙara ta rufe tafki, bakteriyar da ke cin amoniya, wato abin da ke sa fitsari zarni, sai su yi likimo. In aka saki ruwan haka, kifi ne zai sha wuya. Dokar tarayya ta 2012 kuma ta ce dauɗar da ke yawo cikin ruwan da za a saki kada ta wuce miligiram 25 a lita. Shi ya sa muke shimfiɗa bututu a ƙasan tafki muna hura iska, mu gina ramin tsakuwa a gaba, shi ma ana hura masa iska ta ƙasa, a lulluɓe shi don ɗumi. Na taɓa ɗauko tsakuwa ɗaya daga ciki, santsi kamar yauƙin kuɓewa. Wannan santsin su ne ma'aikatan, sun samu gida.

Ranar nan ina tsaye da safar hannu biyu, sai kududdufin bayan gidanmu na can ƙasarmu ya faɗo mini. Ƙasar gini aka haƙa ya zama rami, duk kwatar unguwa a ciki take ƙarewa, ga rijiyoyi kusa, ga yara suna wanka. Zafin da ake kashe dala a nan ana nema, mu can kyauta muke da shi.

Ba na cewa kududdufi matatar ruwa ce. Sai an raba shi kashi-kashi, an daɓe ƙasansa da yumɓu, an katange, an dinga cire ciyawar baki saboda sauro, an kuma samu mai yashe shi.

To, burtsatse uku muka riga muka haƙa a gida. Roƙona, Malam Shugaba, a ware wani abu daga gudunmawar bana a fara auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye da kududdufi ɗaya. Ina neman mutum biyu da za mu zauna bayan sallar La'asar. Hajiya Ma'aji, ke ce ta farko. Na gode.