Sauya Moton Famfon Tafkin Wanka Zuwa Mai Sauya Gudu: Abin da Mai Gida a Sakkwato Ya Kamata Ya Sani

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan ƙarar da kuke ji ta famfon tafkin wanka ce a wani gida a cikin garin Sakkwato, kuma duk wanda yake da irin wannan tafki ya san cewa muddin ƙarar tana tashi, mita tana cin kuɗi, ko kuma janareta tana shan mai. Aikin famfon shi ne ya jawo ruwa daga tafki, ya tura shi ta cikin matatar yashi, sannan ya mayar da shi a tace. Abin da ke juya farfelar da ke cikinsa shi ne moto, kuma a kan moton nan za mu tsaya yau.

Tsohon moto gudu ɗaya ya sani. Da yake wutar Najeriya tana kan hez 50, irin wannan moto yana juyawa kusan sau 2,850 a minti ɗaya, ko ruwan yana da datti ko tas yake, ko ana wanke matata ko ba a yi. An zaɓi ƙarfinsa ne don aiki mafi nauyi, wato wanke matata da zuƙe dattin ƙasan tafki, alhali aikin nan bai wuce na ɗan lokaci kaɗan a mako ba. Sauran sa'o'in duka, tacewa ce kawai ake bukata, kuma tacewa ba ta son gaggawa.

A nan ne lissafin yake da daɗi, don haka ina roƙon ku ku ba ni hankalinku. Idan aka rage gudun farfela da rabi, ruwan da take turawa yana raguwa da rabi, amma wutar da take bukata ba da rabi take raguwa ba, tana sauka ne zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Dalili kuwa shi ne ruwa mai gudu yana gogayya da bangon bututu da wuraren da ya yi kwana da yashin matata, kuma yawancin ƙarfin moto a wannan kokawa yake ƙarewa; da zarar ruwan ya tafi a hankali, sai kokawar ta yi sauƙi ƙwarai.

Mu ɗauki misali. A ce tafkinka yana da tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfinsa kuma mita 1.5 idan aka daidaita. Wannan lita 48,000 ke nan. A ce tsohon famfo yana jan wat 1,500, yana tura lita 12,000 a awa. Zai ɗauki awa 4 kafin ya zagaya da ruwan sau ɗaya, ya ci yunit 6. Sabon moto, wato mai sauya gudu, a rabin gudu zai bukaci awa 8 don ya yi aikin nan, amma a lissafin takarda abin da zai ja bai kai wat 200 ba, wato yunit ɗaya da rabi gaba ɗaya. A zahiri zai ɗan haura haka, domin moton da na'urar da ke sarrafa shi su ma suna da nasu hasarar, amma tazarar da ta rage tana da yawa. Wanda yake kan layin Band A, wanda aka ƙara wa kuɗin wuta sosai a watan Afrilu na 2024, zai ga bambancin a katin mitarsa tun watan farko. Wannan rage cin wuta ne ma ya sa Amurka, tun daga watan Yuli na 2021, ta kafa ƙa'idar da ta sa yawancin manyan famfunan tafki da ake sayarwa a can suka zama masu sauya gudu.

Akwai wata fa'ida da ta fi shafarmu a nan. Tsohon moto, a daidai lokacin da zai tashi, yana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja idan ya daidaita, kuma fizgar nan ce take sa janareta ta yi nishi, ko inbata ta kashe kanta. Sabon moto, wanda yawanci da maganaɗisu na dindindin yake aiki, yana tashi ne sannu a hankali. Saboda haka ya dace da sola matuƙa, kuma rana ba abin da muka rasa ba ce a Sakkwato. Tun da ribar tana cikin dogon aiki a ƙaramin gudu, ga shi kuma wutar Kaduna Electric ba kullum take zama awa takwas a jere ba, a ganina mafi alheri shi ne a tsara famfon ya yi aikinsa daga hantsi zuwa la'asar a kan sola.

Yanzu ga tambayar da kowa yake yi: moton kaɗai za a sauya, ko famfon gaba ɗaya? Idan gangar famfon ba ta tsage ba, farfelar kuma ba ta cinye ba, sauya moto kaɗai ya wadatar. Sai dai kafin ka je kasuwa, ka ɗauki hoton farantin da ke jikin tsohon moton. Fuskar da ake ɗaure shi da ita dole ta zo daidai. A famfunan Amurka irin su Pentair da Hayward za ka ga an rubuta 48Y ko 56Y ko 56J, kuma ba duka suke shiga wurin juna ba. Ƙarfin dokin sabon kada ya gaza na tsohon, sannan a tabbatar yana karɓar wuta mai bolt 230 da hez 50. Famfunan Turai da dama ba a samun moton da zai zauna musu daidai, kuma a irin wannan hali sayen famfon gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Duk wanda aka zaɓa, kada a mayar da tsohon sil na sandar moto, wato abin da ke hana ruwa bin sandar. Kuɗinsa kaɗan ne, amma idan ya yi yoyo, ruwa mai kulorin zai bi sandar ya shiga boris, ya lalata moto mai tsada.

Abin da ya fi damuna game da wannan moto a ƙasarmu shi ne akwatin lantarkin da ke kansa. Tsohon moto idan ya ƙone, mai rewaya zai naɗe masa sabon kwayel ya tashi, amma wannan akwati idan wuta mai ƙarfi ta buge shi, sau da yawa sai dai a sayi wani. Don haka a sa masa sitabilaiza da na'urar kare fizgar wuta, a yi masa wayar ƙasa ta gaskiya, a haɗa shi da bireka mai yanke wuta idan ta zurare, mai miliam 30, domin inda ruwa da lantarki suka haɗu rayukan yara ne a tsakani. Aikin nan na ƙwararren mai gyaran wuta ne. Zafi ma abokin gaba ne: a bazara, cikin Afrilu da Mayu, Sakkwato tana haura digiri 40, kuma ɗakin famfo mai rufin kwano wanda ba shi da taga ya fi haka nesa. A buɗe masa hanyar iska, a kare shi daga rana, a riƙa share ƙurar da ke toshe fankarsa.

Bayan an ɗaura, sai saiti, kuma a nan ne mutane da yawa suke zubar da ribarsu, domin sukan bar moton a cikakken gudu, ya koma daidai da wanda aka cire. A bar shi ya tashi da ƙarfi na 'yan mintoci har ya cika da ruwa, kamar yadda za ku gani ta murfin kwandon tare datti da ke gaban famfon, sannan ya sauko wajen juyi 1,400 zuwa 1,600. Ka tsaya a bakin tafki ka duba: idan ganye da ƙurar saman ruwa suna tafiya zuwa bakin da ke zuƙe su, gudun ya isa, idan sun tsaya cik, ka ƙara kaɗan. Wanda yake da na'urar yin kulorin daga gishiri ya lura cewa tana da mafi ƙarancin ruwan da take bukata kafin ta yi aiki.

A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana sauke ƙura a kan ruwa dare da rana, don haka a ware awa ɗaya ko biyu na gudu mai ƙarfi kowace rana, kuma a yi wankin matata a cikakken gudu, domin ruwa mai sanyin tafiya ba zai ɗaga yashin ba. Gejin matata kuwa, wato agogon da ke auna matsin ruwa, zai riƙa nuna ƙasa da yadda kuka saba, kuma wannan ba matsala ba ce. Ranar da kuka wanke matata, ku sa moton a cikakken gudu, ku rubuta abin da allurar ta nuna a jikin bango, kuma duk lokacin da za ku duba ko ta sake toshewa, a wannan gudun za ku gwada.