Hoton Shafi da Amanar Mai Saye: Abin da Ɗan Kasuwa da Mai Sana'a Ya Kamata Su Sani

Assalamu alaikum masu kallonmu. A wannan bidiyo za mu yi bayani ne a kan ɗan ƙaramin hoton nan da ke cikin da'ira a saman shafin mutum a WhatsApp, Facebook, Instagram ko LinkedIn, wanda matasa suka fi kira DP, da dalilin da ya sa duk mai neman abincinsa ta intanet ya kamata ya kula da shi kamar yadda yake kula da kayan da yake sayarwa.

Mu fara da yadda ciniki yake gudana a yau. Wata baiwar Allah tana zaune a Yola ko Gusau, sai ta ga atamfa ko shadda a shafin wani ɗan kasuwa da ya ce shagonsa yana Kantin Kwari a Kano. Ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta san ubangidansa ba, ba ta kuma san layin da rumfarsa take ba, amma ƙa'idar cinikin ita ce ta fara tura kuɗi, sannan a kai kayan tasha a sa mata a mota. A kasuwar da iyayenmu suka sani, amana tana da inda take jingina, domin akwai dillalin da ya san kowa, akwai maƙwabtan rumfa, akwai shugabannin kasuwa, kuma idan kaya suka fito da aibi mai saye ya san inda zai koma. A cikin waya babu ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke gaban wannan mata kafin ta tura kuɗinta shi ne suna, da lambar waya, da hoto, kuma a cikin ukun nan hoton idonta yake fara sauka a kai.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna saurin wannan kallo. A shekarar 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton da ke Amurka sun nuna wa mutane hotunan fuskokin da ba su sani ba na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kacal, sannan suka tambaye su ko mai fuskar ya yi kama da mai amana, ko mai ƙwarewa, ko mai saurin faɗa. Hukuncin da aka yanke a wannan ƙiftawar ido ya yi kusa ƙwarai da wanda wasu suka yanke bayan an ba su isasshen lokaci, kuma a kan batun amana ne daidaiton ya fi ƙarfi. Ƙarin lokaci bai cika sauya ra'ayin masu kallo ba, sai dai ya ƙara musu tabbaci a kan abin da suka riga suka yanke.

Wajibi ne a fahimci wannan bincike da kyau. Bai ce fuska tana bayyana halin mai ita ba, kuma shi kansa Todorov ya sha jan hankali cewa irin wannan hukunci yakan zama kuskure. Mutumin kirki yana iya fitowa a murtuke saboda rana ta dake shi a ido, maha'inci kuma yana iya fitowa da fara'a. Abin da binciken ya tabbatar shi ne mutane suna yanke hukuncin, ko daidai ne ko ba daidai ba, kuma suna aiki da shi. Wani nazari da aka wallafa a 2016 a kan ɗakunan da ake bayarwa haya ta Airbnb, wato manhajar hayar masauki, a birnin Stockholm ya gano cewa masu gidajen da hotonsu ya fi nuna alamar amana suna sa farashi mafi tsada, kuma an fi zaɓarsu. Ke nan hoton yana taɓa aljihu kai tsaye.

To, wane irin hoto ne ya dace? Mutane da dama suna ɗauka sai an sa kwat da laƙataye an je situdiyo mai tsada, alhali kaftani da hula, ko hijabi, ko mayafi mai tsabta, duk sun wadatar, muddin sutura ce da mutum zai iya karɓar babban baƙo da ita a wurin aikinsa. Sharaɗi na farko shi ne a gane fuskar. Da'irar da manhajojin nan suke nuna hoto a ciki ƙarama ce ƙwarai a jerin saƙonni, saboda haka hoton da aka ɗauka daga nesa, mutum yana tsaye kusa da mota ko a gaban wani dogon gini, yakan koma ɗigo ne kawai. Daga ƙirji zuwa sama ya kamata a ɗauka, fuskar tana tsakiya, idanu suna kallon kyamara, babu baƙin gilashi.

Sai batun haske, wanda a nan ne yawancin hotunanmu suke lalacewa. Idan mutum ya juya wa taga ko rana baya, kyamarar waya takan daidaita kanta da hasken da ke bayansa, ta bar fuskar cikin duhu, kuma wannan ya fi tsanani ga masu duhun fata. Ranar tsaka kuwa tana zuba inuwa a ƙarƙashin idanu, tana sa mutum ya yamutsa goshi. Abin da ya fi shi ne a tsaya a inuwa ana fuskantar inda haske yake shigowa, da hantsi ko bayan la'asar, a gaban bango marar tarkace. Tela zai iya zama kusa da kekensa, mai turaren wuta kusa da kwalabenta, da sharaɗin kada kayan su rinjayi fuskar. A kuma goge gilashin kyamarar kafin a ɗauka, musamman a lokacin hunturu da ƙura take yawa.

Hoton ɗauki-kanka, wato selfi, yana da wata illa da ba kowa ya lura da ita ba. Wani bincike da likita Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar kusan santimita 30 yana sa hanci ya fito da faɗin da ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari, yayin da tazarar mita ɗaya da rabi take nuna fuska yadda take. Dalilin mai sauƙi ne: abin da ya fi kusa da kyamara shi yake fin girma. Maganinsa shi ne a miƙa wa wani wayar, ya ja da baya taku biyu, ya riƙe ta daidai tsayin ido.

Idan an ɗauki hotuna da yawa, kada mai hoton ya zaɓa shi kaɗai. A 2017, David White na Jami'ar New South Wales da ke Ostareliya ya jagoranci wani gwaji da ya nuna cewa hotunan da baƙi suka zaɓar wa mutum sun fi burge masu kallo a kan waɗanda ya zaɓar wa kansa. Mun saba da fuskokinmu har ba ma iya ganinsu da idon baƙo, kuma baƙo ne zai tura kuɗin. Gara a tambayi abokin aiki ko tsohon kwastoma a kan a tambayi wanda so zai hana shi ganin aibi.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wurinmu, wato sauya hoton shafi a kan kowane lamari: yau hoton amarya, gobe na jaririn da aka haifa, jibi na mamacin da ake yi wa addu'a, wata rana tambarin ƙungiyar ƙwallo ko hoton ɗan siyasa. Niyyar kyakkyawa ce, kuma zumunci abu ne mai daraja, amma lambar kasuwanci ba wurinsa ba ne. Kwastoman da ya saye kaya wata uku da suka wuce yana laluben hoton da ya sani ne a cikin ɗaruruwan lambobi, kuma idan bai gan shi ba yana iya zaton an sace lambar. Tun daga 2018 akwai WhatsApp Business, wanda yake ba mutum damar raba harkar ciniki da ta iyali. A bar taya murna da ta'aziyya a sitatus, a riƙe hoto guda a dukkan shafukan sana'a.

Abin da ya fi damuna a duk wannan batu shi ne gyaran hoto har ya daina kama da mai shi. Filta mai sa fata ta yi fari, mai share kowane tabo da zane, tana jawo matsala ranar da aka haɗu a shago ko aka yi kiran bidiyo, domin mai saye zai tambayi kansa ko kayan ma haka aka gyara hotonsu. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar AI, tana iya haɗa fuskar mutumin da bai taɓa wanzuwa ba. A 2022 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano shafuka fiye da 1,000 a LinkedIn da ke ɗauke da irin waɗannan fuskoki na bogi. Sakamakon haka, hoton da ya cika sulɓi ya fara jawo zargi, kuma na gaskiya mai haske mai kyau ya ƙara daraja.

Akwai mata da yawa, da wasu maza, da ba sa son nuna fuskarsu saboda addini, ko tsarin gidansu, ko tsoron masu satar hoto su buɗe shafin damfara da shi. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, kuma babu wanda ya kamata a matsa masa. Mai irin wannan matsayi sai ta samu tambari mai sauƙi da ake iya karantawa ko da ya ƙanƙance, ta riƙe shi ba sauyi, sannan ta cike gurbin fuskar da wasu hujjoji: sunan shafi ya zo daidai da sunan asusun banki, a yi wa kasuwancin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC idan da hali, a riƙa nuna kaya da aikin hannu a bidiyo, a kuma amsa tambaya da saƙon murya. A lambar iyali kuwa, WhatsApp yana da wurin da ake taƙaita masu ganin hoto ga waɗanda aka adana lambarsu kaɗai.

Ku kuma masu saye, ku tuna cewa ɗan damfara ma yana iya ɗora hoto mai kyau da ya sato daga shafin wani. Idan kuɗin da za ku tura suna da yawa, ku nemi a yi kiran bidiyo na minti ɗaya, ku ga fuskar ta yi daidai da hoton, a nuna muku kayan a hannu, sannan ku duba sunan da banki ya fito da shi kafin ku danna turawa. Mun gode da kallo, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.