Tsohon juji ba filin gini ba ne

Masu saurare, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau kan tsofaffin jujin Damagaram ne, waɗanda aka daina zuba wa shara.

Da yawansu ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, ruwa ya kwanta suka zama kududdufi, daga baya unguwa ta cika su da bola. Ranar da rami ya cika, sai ka ji an fara zancen yanka fili. To, a nan gizo ke saƙar. Sharar da ke ƙasa ba ta mutu ba. Tana ruɓewa shekara da shekaru, tana fitar da iskar gas mai kama wuta, ƙasa kuma tana zaunawa sannu a hankali. Wanda ya aza tubali a kai, tsagewar bango na jiransa. Da damina ruwa ya ratsa ta, ya wanke gubar tsofaffin batura, ya tsiyaya ƙasa. Garin da ake jawo wa ruwan sha tun daga Gogo-Machaya da Arunguza, ina ya ga ruwan ɓatawa?

Gyaran ba sihiri ba ne. A tsince leda, wadda dokar 2014 ta hana amma har yau take rataye a kan kowace ƙaya. A daidaita tudun ya yi gangare, a shimfiɗa yumɓu a daddaɓe shi yadda ruwa ba zai shige ba, a zuba ƙasa mai kauri, a fara da ciyawa irin gamba. Itatuwa sai ƙasa ta kama. Salak da kabeji kuwa, a'a. Abin da za a ci ba a shuka shi a kan juji.

A Alƙahira, lambun Al-Azhar da aka buɗe a 2005 yana kan tudun shara ne na wajen shekara 500. Amma ba sai mun je Masar ba. Manoman Matameye da Magariya sun dawo da itacen gawo cikin gonakin da suka zama fako, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa, suna sassabe shi suna kiwonsa. Hannun da ya yi wannan ba zai gagara rufe rami ɗaya ba.

Abin da ya rage ga ma'aikatar magajin gari shi ne ta sa waɗannan wurare a takarda cewa ba na sayarwa ba ne, ta kuma kewaye su tun kafin dashe, domin awakin unguwa ba su san doka ba.