Jawabin Maraba ga Hajiya Farfesa, Masaniyar Halayyar Ɗan Adam, a Ziyararta Maiduguri

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da lawanai da bulamai, limamai da fastoci, likitoci da ma'aikatan jinya, shugabannin mata, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum.

A madadin wannan cibiya da masu aikin sa-kai da ke tare da mu, ina yi wa babbar baƙuwarmu barka da zuwa. Hajiya Farfesa, ranki ya daɗe, sannu da hanya. Ba mu da abin da za mu tarbe ki da shi daidai da matsayinki, sai dai Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma kin ga fuskokinmu.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan ba su taɓa ganinki ba, amma sun ci moriyar aikinki, don haka ya kamata su san wace ce ta zo. Baƙuwarmu ta fara ne a matsayin ƙaramar malama a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, a zamanin da duk wanda ya zaɓi wannan fanni sai dangi sun tambaye shi ko aikin mahaukata zai yi. Daga cikin rassan fannin ta ɗauki wanda ya fi nauyi a zuciya: binciken abin da tashin hankali ke bari a cikin mutum bayan an daina jin ƙarar bindiga. A kansa ta yi digirin digirgir, a kansa ta yaye ɗalibai, kuma a kansa ta yi furfura.

Wannan ilimi ba tsoho ba ne. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i a cikin littafinta na cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne. Mu ma a nan mun riƙa cewa muna da haƙuri da tawakkali, ba zai kama mu ba. Haƙuri da tawakkali muna da su, alhamdulillahi, kuma su suka riƙe wannan gari tun daga watan Yuli na 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke. Amma mumini ma yana karaya a ƙafa, a kai shi wurin mai ɗori, ba wanda zai ce imaninsa ne ya yi rauni. Abin da kika shafe shekaru kina nuna mana ke nan, Hajiya Farfesa: zuciya ma tana karyewa, kuma akwai ɗorinta.

Mun san masu wannan ciwo, domin da su muke kwana muke tashi. Uwar da idan tayar mota ta fashe sai ta suri ɗanta ta ruga, ko da tana tsakiyar kasuwa. Yaron da ya kai shekara goma ya koma fitsarin kwance. Dattijon da ya bar gonarsa a Bama ko Gwoza ko Baga, ya zauna a sansanin Bakasi ko Dalori, ba ya barci, ba ya magana, iyalinsa suna cewa ya zama mafaɗaci. Saurayin da ya koma shan ƙwaya don kada ya yi mafarki. Mutum fiye da miliyan biyu rikicin nan ya raba da muhallansu. An rufe sansanonin cikin Maiduguri, mutane sun koma garuruwa ko sun watsu cikin unguwanni, kowa da abin da ya gani a ƙirjinsa. Suna cikin wannan hali madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya ci gari cikin dare. Waɗanda suka taɓa gudun wuta suka sake gudun ruwa, tsohon miki ya dawo sabo.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne matan da suka kuɓuto daga daji. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014, ta san na Dapchi a 2018. Waɗanda ba a san sunayensu ba sun ninka su. Sun dawo, wasu da goyo, suka tarar da wata jarrabawar a gida. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar International Alert mai aikin samar da zaman lafiya suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake gudunsu, ana kiransu matan Boko Haram, ana tsoron jinin 'ya'yansu. Ke kin zauna da irin waɗannan mata a kan tabarma ɗaya. Kin koya wa ɗalibanki cewa ba a tilasta wa mutum ya ba da labari, ba a yi masa tambaya don kawai a cike takarda, kuma ba a buɗe miki idan ba a shirya ɗaure shi ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ke kin haɗa da ilimi.

Dalilin da ya sa muka matsa sai kin zo shi ne wani abu da bincikenki da na takwarorinki ya tabbatar: ba sai ƙwararren likita kaɗai ke iya taimakawa ba. Masana daga Jami'ar Konstanz ta Jamus sun gwada wata hanya a sansanin Imvepi na Uganda, tare da 'yan gudun hijirar Sudan. Ana shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora fure a inda ya ji daɗi, ya ɗora dutse a inda ya sha wuya, sannan a bi labarin daki-daki tun daga haihuwa, har abin tsoron ya koma wurinsa a cikin abin da ya wuce. Zama huɗu kawai aka yi. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa bayan shekara guda, kashi 29 cikin ɗari ne na waɗanda suka bi wannan hanya ke da sauran ciwon, alhali a cikin waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin ya kai wajen kashi 80. Daga baya a sansanin Nakivale, shi ma a Uganda, suka horar da 'yan gudun hijirar da kansu, su ma suka yi aikin ya yi kyau. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa. Mu 'yan Nijeriya ma ba baƙi ba ne a wannan tunani. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a kusa, har yana aiki tare da masu maganin gargajiya.

Wannan shi ne ya dace da mu. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga jama'a fiye da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Maiduguri yana iya ƙoƙarinsa, amma ba zai kai kowane ƙauye ba. A farkon 2023 an samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai ɗaukar mara lafiya tamkar fursuna. Mun yi murna da ita. Sai dai doka ba ta zama kusa da mai kuka. Mutum ne ke zama.

Don haka, ranki ya daɗe, ga roƙonmu. Ki horar mana da namu: ungozomomi, malaman Islamiyya, malaman makaranta, matan unguwa da ake kai wa ƙara. Ki shigo da malaman ruƙiyya cikin shirin, domin wurinsu ake fara zuwa, kuma idan sun gane alamomin za su turo mana mutum kafin a kai shi gidan mari. Ki tuna da masu aikin sauraron waɗannan labarai su ma. A cikin ma'aikatanmu akwai waɗanda suka binne nasu, kuma kullum suna jin labarin da ke tono musu nasu.

Akwai kuma maganar da jama'a suka ɗora mini in faɗa. Masu bincike da yawa sun zo nan, sun yi tambayoyi, mata sun yi kuka a gabansu, sun tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mun san ba halinki ba ne. Muna roƙon duk abin da aka gano a wannan karo a dawo a faɗa wa masu labarin, da Hausa da Kanuri, a rediyo da kuma a zauren bulama, kuma ki ja hankalin takwarorinki su yi haka.

Bayan wannan zama za ki gana da ƙungiyar mata, gobe kuma da masu aikin sa-kai. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mayar da ke gida lafiya. Hajiya Farfesa, bismillah, muna saurarenki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.