Jawabin maraba ga Farfesa Marcia Inhorn

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu mata, malamai, likitoci da ɗalibai, sannunku da zuwa. Farfesa Marcia Inhorn ta Jami'ar Yale ta Amurka, ranki ya daɗe, lale marhabin, sannu da hanya.

Wallahi tun da aka ce za ki zo nake murna, don abin da kika shafe sama da shekara 30 kina bincike a kai, wato rashin haihuwa, mu a gida ɓoye shi ake yi sai dai a ji shi a bakin masu gulma. A 1988 kika sauka Iskandariyya ta Masar, kika riƙa zama da talakawan mata a asibitin gwamnati, matan da suka gama yawon likita da mai magani ba ko ɓatan wata, kina sauraronsu kina rubutawa. A can ana ce wa irin wannan mace "ummul ga'ib", wato uwar wanda bai zo ba, mu kuwa juya muke cewa, kalma mai zafi, kuma yawanci abin da ke biyo bayanta kishiya ce ko takardar saki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ki tsaya kan mata ba. A 2003 kika je Beirut kika zauna da maza sama da 200, har aka samu littafinki na 2012 kan mazan Larabawa, inda kika nuna sau da yawa matsalar daga miji take, kuma akwai mazan da suka yarda aka gwada su, suka riƙe matansu da amana. Ni na san baiwar Allah da ta sha saƙe-saƙi shekara tara, tana kuka a sallar dare, mijin ko sau ɗaya bai taka asibiti ba.

Ga batun addini ma kin yi mana adalci. Kin bayyana wa duniya cewa tun 1980 Azhar ta halatta dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti a dasa a mahaifa, matuƙar daga miji da matarsa ne kuma auren na nan, ban da maniyyi ko ƙwan wani, sannan a Iran fatawar 1999 ta buɗe ƙofar karɓar ƙwan wata mace, kin kawo kowane ɓangare yadda yake.

Matan nan na bayan zaure tun safe suke jira, wasu da takardun gwajinsu a jaka. Bismillah Farfesa, ga makirufo.