Yadda ake gasa biskit ɗin Meksiko da jam ɗin tehokote

Assalamu alaikum, masu kallo. Waɗannan 'ya'yan itacen da kuke gani a kwano, masu launin ruwan ɗorawa da ɗan ja-ja a gefe, su ne tehokote. Girmansu bai fi na kanya ba sosai. Itacensu mai ƙaya ne, yana son tudu da sanyi, kuma asalinsa duwatsun Meksiko ne da Gwatamala. Mafi yawan wanda ake ci a Meksiko daga jihar Puebla yake fitowa, daga garuruwa irin su Calpan da Huejotzingo da ke gindin manyan duwatsun nan biyu, Popocatépetl da Iztaccíhuatl.

Yana nuna ne daga wajen watan Oktoba zuwa Disamba, shi ya sa ya shiga bukukuwan ƙarshen shekara. A ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, lokacin da mutanen ƙasar ke tunawa da mamatansu, za ku gan shi a teburin da suke ƙawatawa. Daga 16 zuwa 24 ga Disamba kuwa, a dararen da suke kira Posadas, shi ne ginshiƙin ponche, wani abin sha mai zafi da ake dafawa da rake da gwaiba da kirfa. 'Yan Meksiko mazauna Amurka ba sa iya haƙura da shi, har ta kai a shekarun 2002 zuwa 2006 babu wani ɗan itace da jami'an gona na Amurka suka fi kamawa a hannun masu fasa-ƙwauri kamarsa. An hana shigo da shi ne saboda tsoron ƙwarin da ke ɓuya a ciki, sai a 2015 aka buɗe ƙofa bisa sharuɗɗa.

To, mu shiga kicin. Biskit ɗin da za mu yi ƙullunsa na polvorón ne, wani irin biskit da ya zo Meksiko daga Sifaniya, mai rugujewa da zarar ya taɓa harshe. A tsakiyarsa za mu zuba jam ɗin tehokote. Da jam ɗin za mu fara, domin shi ne ke gyara biskit ɗin, shi ne kuma ke ɓata shi.

Ku wanke tehokote rabin kilo, ku zuba a ruwan da ke tafasa. Bayan kamar minti 5 zuwa 10 za ku ga ɓawon ya fara tsagewa. Ku tsame, ku bari ya ɗan huce yadda hannu zai iya ɗauka, amma kada ku bari ya yi sanyi gaba ɗaya. Ku duba nan: da ɗuminsa, farce kawai za ku sa ɓawon ya sulluɓe. In ya yi sanyi sai ya manne, ku yi ta kankara da wuƙa kuna asarar naman. Sannan ku raba kowanne biyu ku cire ƙwallayen. Suna da tauri ƙwarai, guda ɗaya in ya tsere cikin jam zai iya fasa wa mutum haƙori, don haka ku bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma babu wata hanyar yanke.

Ku mayar da naman tukunya, ku zuba kofi ɗaya na ruwan da kuka dafa shi a ciki, da sandar kirfa guda, da giram 250 na piloncillo. Piloncillo ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, wato mazarƙwaila ke nan, sai dai su a siffar mazurari suke zuba tasu. Farin sukari ma zai yi, amma ni dai na fi son mazarƙwailar, domin ɗan ƙaurin nan nata yana tafiya da tsamin tehokote. Ku rage wuta. Idan ya yi laushi ku cire kirfar, ku dandanna shi da bayan ludayi, ko ku tace da rariya in kuna son sa sumul.

Yanzu ku tsaya a kan tukunyar nan, kada ku je ko'ina. Tehokote yana da sinadarin fektin da yawa, shi ne ke sa jam ya kama jikinsa, kuma shi ya sa ake yin ate da shi, wata alewa mai tauri da ake yankawa da wuƙa, wadda birnin Morelia ya yi suna da irinta. Mu ba za mu kai can ba. Ku yi ta juyawa da cokalin katako har sai kun ja cokalin a ƙasan tukunya hanya ta buɗe, ta ɗan jima kafin ta rufe. Ga ta nan, kun gani? A nan za ku sauke. In kuka sauke da ruwa-ruwa, a cikin tanderu zai tafaso ya malale, ya jiƙa biskit ya ƙone a kan tire. In kuka wuce kuma, zai daskare ya ƙi shiga cokali. Ku ajiye ya huce sosai, za ku ga ya ƙara kauri da kansa.

Sai ƙullu. A gargajiyance da kitsen alade ake yin polvorón, saboda haka in kun ci karo da na kanti ku karanta bayan kwalin tukuna. Mu da bota za mu yi, kuma gidaje da yawa a Meksiko ma da bota ko daskararren man girki na tsirrai suke yi yanzu. Bota giram 150 mai laushi, garin sukari giram 80, ku buga har ya yi fari. Ku sa gwaiduwar ƙwai ɗaya, ɗan gishiri, da rabin ƙaramin cokali na garin kirfa. Sannan fulawa giram 250.

Daga nan a sassauta hannu. Wannan ba kwaɓin burodi ba ne. Yawan murza fulawa yana sa ta yi danƙo, biskit ya fito da tauri. Ku haɗa da yatsu kawai, da zarar ya dunƙule ku tsaya. Ku rufe ku sa a firji rabin awa.

Ku gutsuro kaɗan-kaɗan ku mulmula, ku jera a tire da ɗan tazara. Ku danna tsakiyar kowanne da babban yatsa ya yi rami. Gefen zai ɗan tsage, ba komai, haka ƙullun yake. Jam rabin ƙaramin cokali ya isa kowane rami, kada ku cika shi taf.

Tanderu ya riga ya yi zafi a ma'auni 180 na Selsiyos. Minti 12 zuwa 15. Saman ba zai yi ja ba, don haka ku ɗaga guda ɗaya ku leƙa ƙasansa. In ya yi ruwan zuma ya gasu. Kada ku taɓa su da zafinsu, za su ruguje a hannu. Ku ba su minti 10 a kan tiren, sannan ku barbaɗa garin sukari a gefe-gefe, ku bar tsakiyar tana ƙyalli.

Wanda bai samu tehokote a inda yake ba, ya yi da gwaiba. A Meksiko ma ana yin ate da ita, kuma tana kama jiki sosai, sai dai ku matsa ɗan lemon tsami a tukunyar don ta samu tsamin da ake so, ku kuma tace 'ya'yan da rariya. Biskit ɗin yana kwana huɗu ko biyar a cikin gwangwani mai murfi, amma ku shimfiɗa takarda tsakanin layi da layi don kada jam ɗin ya manne su.