Ofishin Gwamnati Ma Yana Buƙatar Zaure

Assalamu alaikum. Iyayena, 'yan uwa ma'aikata, na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo game da tsara cikin ofishin gwamnati: iska, wurin jira, da ajiyar takardu.

Iska dai ba sai na daɗe ba. Nan Garwa ce, Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40. Amma sai a sa wa ofis gilashi ta yamma, a rufa kwano ba silin, a ce na'urar sanyaya ɗaki za ta ji da shi. Wutarmu kuwa daga madatsar Lagdo take zuwa, ruwa ya ja baya da rani, ita ma ta ja baya. Tagogi su kalli kudu da arewa, suna fuskantar juna, bango ya yi kauri, a fitar da baranda. Ku je garin Pouss ku ga ɗakunan ƙabilar Musgum, laka ce zalla, da 'yar kafa a ƙololuwa inda zafi ke fita.

To, wurin jira. Nan ne zuciyata take. Gidan Bahaushe, gidan Bafulatani, fadar Lamiɗo, me ka fara tararwa? Zaure! Baƙo ya sami inuwa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, kafin ma a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Don me ofishin da aka gina da harajin mutane zai rasa zaure?

Na taɓa ganin wata dattijuwa a wani ofis, ba zan faɗi suna ba, ta zo karɓar takardar haihuwar jikanta. Tun hantsi take tsaye a rana. Da layi ya zo kanta, kantar ta kai mata wuya, ga gilashi da 'yar huda. Sai da ta yi ɗage, ta ɗaga murya tana bayanin mutuwar uban yaron, kowa na ji. Wallahi har yau ina ganin yadda ta ja mayafi ta rufe baki. Ma'aikacin ba mugu ba ne, ginin ne ya tozarta ta. A sauke kantar zuwa tsayin tebur, kamar santimita 75, a sa kujera, a yi ɗan shinge tsakanin mai magana da masu jira. Benci mai majingina, randa da moɗa a kusurwa. Nawa ne randa, Alhaji? Ka ji, ya ce shi zai saya! Allah ya saka.

Alluna kuma duk Faransanci da Turanci, alhali mai shigowa Fillanci ko Hausa yake ji. A haɗa da hoto, da lamba babba, da launi: ƙofa shuɗiya, lamba 3.

Na huɗu, au, na uku ke nan, takardu. Gara, ƙurar hunturu, ruwan damina. Kabad na ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, kada ya jingina da bango.

Na'am Hajiya? Tana tambaya, mai goyo fa, ina za ta shayar? Kin tuna min abin da na tsallake. Ba sai an yi sabon gini ba. A ware kusurwa ɗaya cikin zauren, a sa labule da tabarma, kusa da ban ɗakin mata. Shi kuma ban ɗakin kada ƙofarsa ta kalli bencin maza, a ajiye buta, kuma mabuɗin ya zauna a jikin ƙofar.